Nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya: jagora ga 'yan gida mazauna Masar da Saudiyya

Yaron da ya tashi a bakin Kogin Haɗeja, ko a ƙauyukan da ke gefen dam ɗin Tiga, ya san ruwa tun kafin ya haɗa izu biyar. Ya iya cika ƙirji da iska, ya lume, ya lalubo tarwaɗa a cikin laka, ya taso. Idan Allah Ya kai irin wannan yaro karatu Azhar a Alƙahira, ko neman na kai a Jidda ko Yanbu, hutun Sallah ya zo abokai suka ce a tafi Dahab ko Hurghada a yi nutso, zai ga ai an zo gidansu. To ɗan'uwa, a nan matsalar take. Riƙe numfashin da ya mai da kai gwani a kogi shi ne abu na farko da aka hana mai goye da tukunyar iska, kuma shi ne yake saurin kisa.

Ga dalili. Duk mita 10 da ka nutsa a ruwan teku, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin iska ko ruwa). A saman ruwa bar 1 ne, a mita 10 bar 2, a mita 20 bar 3. Mai nutson kogi ya shaƙi iskarsa a sama, ta matse a ƙasa, da ya taso ta koma yadda take, ba abin da ya same shi. Kai kuwa a ƙasa kake shaƙa, na'urar bakinka tana ba ka iska daidai da nauyin wurin. Idan ka cika huhu a mita 10 ka rufe maƙogwaro ka taso, iskar nan za ta ninka biyu a cikin ƙirjinka. Huhu ba ya jin zafi ya gargaɗe ka, yagewa kawai yake yi, kumfar iska ta shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Tasowar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba ta isa ta yi wannan ɓarna idan ƙirji a cike yake. Saboda haka muddin na'urar tana bakinka, shaƙa ka fitar, a hankali, ba tsayawa. Idan ta fita daga bakinka, ka riƙa sakin 'yan kumfa ta leɓe har ka mayar da ita.

Shirin yana farawa ne tun kana gida hutu, kafin ka koma. Je babban asibitin da ke kusa da ku a yi maka gwajin jini na sikila, ka karɓi sakamakon a rubuce. Mai SS ba ya nutso da tukunya, babu wani zance a kai. Mai AS, kuma muna da yawa ƙwarai a Arewa, ya nuna takardar ga likitan da ya san harkar nutso kafin ya biya kuɗin komai. Haka mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da ke allurar insulin, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, domin tabon da yake bari a huhu yana iya tare iska lokacin tasowa. Mace mai ciki ba ta yi. Makarantar nutso za ta ba ka takardar tambayoyin lafiya ka cike. Mutanenmu suna da halin rubuta “a'a” a kowane layi don kada a mayar da su, wannan kuwa cutar kai ne, domin malamin da zai riƙe hannunka a ƙasan teku da abin da ka rubuta yake aiki.

Makaranta iri biyu za ka tarar da tayinsu. Akwai nutson ɗanɗano na yini ɗaya, inda malami yake tare da kai ko'ina, ba a wuce mita 12, kuma ba a ba da shaida. Akwai kuma cikakken kwas na farko na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke tsara koyon nutso da ba da shaidarsa, kwana 3 zuwa 4: karatu, atisaye a ruwa marar zurfi, sannan nutso 4 a cikin teku. Shaidarsa tana ba ka damar kaiwa mita 18 tare da abokin nutso a ko'ina a duniya. A kwas ɗin PADI za a sa ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10, nan dai ɗan Haɗeja ba ya jin komai. Wanda zai daɗe a ƙasar, cikakken kwas ya fi masa. A Masar ka tambayi ko wurin yana da rajista da CDWS, hukumar da ke kula da cibiyoyin nutso. Ka tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya yake ɗauka, idan sun wuce huɗu ka nemi wani wuri. Ka ce a nuna maka tukunyar oksijin ta agajin gaggawa da idonka. Kuma a koyar da kai da harshen da ka fi ji, Larabci ko Turanci, kada kunya ta sa ka riƙa gyaɗa kai. 'Yan'uwa mata suna iya neman malama mace, rigar roba mai hula kuma tana rufe jiki daga kai har idon sawu, ana iya ɗora doguwar riga marar faɗi a kai.

Kayan ba su da yawa, amma kowanne da aikinsa. Tukunya yawanci lita 11 ko 12 ce, ana cika ta zuwa bar 200. Tayar mota da mai faci ke hura wa ba ta wuce bar 2 da 'yan kai, ka ga ke nan abin da ke bayanka ba na jefarwa a ƙasa ba ne, a kwance ake ajiye ta don kada ta faɗi. Abin da ke cikinta iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, ba oksijin zalla ba kamar yadda da yawa suke zato. Ka buɗe ka shinshina, idan ka ji warin mai ko hayaƙi ka ƙi ta. Regileta, wato na'urar da ke kawo iska daga tukunya zuwa bakinka, tana da bakin shaƙa biyu, naka da na ajiya mai launin rawaya don abokinka idan tasa iskar ta ƙare, sai geji da ke nuna abin da ya rage. Rigar iska ita ake hurawa ko a sace don daidaita kai a cikin ruwa. Sai ɗamarar dalma, gilashin fuska, filafilan ƙafa da rigar roba.

Dalma tana bukatar kulawa, domin Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita, ruwan yana tura mutum sama fiye da yadda ɗan kogi ya saba. Da rigar roba mai kaurin milimita 5 ana fara gwaji da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, wato mai kilo 70 ya fara da kilo 7. Sannan a gwada: ka sace rigar iska gaba ɗaya, da numfashi na yau da kullum a ƙirji, ruwa ya tsaya maka daidai ido, da ka fitar da numfashi ka fara lumewa a hankali. Idan ka nutse kamar dutse, dalma ta yi yawa, za ka yi ta fama da ƙafa kana shanye iska kana tattake murjani. Gilashin fuska kuwa, gemu ba ya hana shi kamawa, gashin baki ne ke sa shi yoyo. Rage gashin da ke daidai ƙasan hanci kaɗan ya wadatar. Idan ruwa ya shiga, danna saman gilashin a goshi, ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci, ruwan zai fita ta ƙasa.

Wajen sauka kunne ne ke fara magana. Ka toshe hanci da yatsu biyu ka hura a hankali har ka ji kunnuwa sun buɗe, tun daga saman ruwa, sannan a kowace mita, kafin zafi ya zo. Idan ya ƙi, taso mita ɗaya ka sake. Kada ka yi da ƙarfi, kada kuma ka daure, dauriya a nan fashewar dodon kunne take haifarwa. Mai mura ya haƙura sai ta warke. Maganin buɗe hanci yana iya sakinka kana ƙasa, iskar da ta shiga kunne ta rasa hanyar fita lokacin tasowa.

A ƙasa da hannu ake magana, kuma akwai alamar da ke rikita sabon shiga. Ɗaga babban yatsa sama ba ya nufin “lafiya lau”, yana nufin a tashi, nutso ya ƙare. Lafiya lau ita ce haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Shimfiɗa tafin hannu kana karkaɗa shi, akwai matsala, sai ka nuna inda take. Gitta hannu a wuya, iska ta ƙare.

Duba geji kowane 'yan mintuna. Iska tana tafiya daidai da zurfi: a mita 20 kana shan ninki uku na abin da kake sha a sama. Sabon mai nutso da tukunyar lita 12 a mita 12 yakan samu kusan minti 40. Idan allura ta kai bar 100 ka sanar da malami, kuma ka kasance a saman ruwa da bar 50 a ajiye.

Tasowa ita ce wuri na biyu da ɗabi'ar kogi ke cutarwa, domin a kogi da gudu ake fitowa. Duk lokacin da kake ƙasa, naitirojin na iskar da kake shaƙa yana narkewa a jini da tsoka. Idan ka taso a hankali, yana fita ta numfashi. Idan ka yi sauri, sai ya yi kumfa a cikin jiki. Kada ka wuce mita 18 a minti, yawancin kwamfutocin hannu ma a kan mita 9 ko 10 suke kuka, su za ka bi. Ka riƙa sace rigar iska kana tasowa, domin ita ma kumbura take yi ta fizge ka sama. A mita 5 ka tsaya minti 3. Lokacin zama a ƙasa ma yana da iyaka: a jadawalin PADI, minti 56 a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Shahararren ramin nan na Dahab da ake kira Blue Hole yana da wata ƙofa ta dutse a wajen mita 55 wadda ta ci rayuka da yawa, har da na ƙwararru. Duk wanda ya ce zai kai ka can da shaidar mita 18, ka rabu da shi.

Bayan an fito ma naitirojin bai gama fita ba, kuma hawa sama yana rage nauyin iska kamar yadda tasowa ke yi. Bayan nutso ɗaya, awa 12 kafin hawa jirgin sama. Bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, aƙalla awa 18, mu dai awa 24 muke ba da shawara. Abin da ake mantawa shi ne dutse ma haka yake. Ɗalibai da yawa suna haɗa Dahab da ziyarar Jabal Musa, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285, a yi nutso da rana a hau dutse da dare. Ka fara da dutsen, ko ka jira awannin nan su cika. Mazauna Jidda da suka yi nutso a Obhur, kada su kama hanyar Ɗa'ifa ko Abha a ranar.

Game da lokaci, a bari sai bayan azumi. Ƙishirwa tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kumfar naitirojin, iskar tukunya kuma busasshiya ce, tana ƙara busar da jiki. A shekarun 2025 da 2026 Ƙaramar Sallah ta faɗo ne a Maris, lokacin da ruwan gefen Masar ya fi sanyi, digiri 21 zuwa 22, sai da rigar milimita 5. A lokacin zafi na can yana kaiwa 28, ta milimita 3 ta isa. Ranakun Idi Misirawa kansu suna kwarara bakin teku, don haka tikitin bas da ɗaki a kama da wuri, a kuma riƙe fasfo da iƙama a aljihu, domin hanyar Sinai cike take da shingayen bincike.

Salla ba ta da wuya a jirgin ruwa. Tsakanin nutso biyu akan huta kusan awa ɗaya, Azahar takan faɗo a ciki, ruwan teku kuma mai tsarki ne ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Abin lura shi ne rigar haya. Sanyi da nauyin ruwa suna sa fitsari ya matsu, mutane da yawa kuma a cikin rigar suke sakewa. Ka cire ta, ka ɗauraye jiki, ka sa tufafinka masu tsarki da ka ajiye a leda.

Kada ka taɓa komai a ƙasa. Akwai murjanin wuta mai ruwan ƙasa-ƙasa da fararen baki, yana ƙuna kamar barkono a ido, ana wanke wurin da ruwan teku a zuba ruwan khal. Kifin dutse yana kwance a gaɓa ba ka bambanta shi da dutse, shi ya sa a Dahab, inda ake shiga daga bakin gaɓa, sai da takalmin roba mai kaurin tafi. Idan shi ko kifin zaki mai dogayen ƙayoyi ya soke ka, tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, wajen digiri 45, minti 30 zuwa 90, a kuma tafi asibiti.

Idan bayan nutso, ko da awanni sun wuce, ka ji ciwo a kafaɗa ko gwiwar hannu, ko sagewa da tsikari a ƙafa, ko jiri, ko gajiyar da ba ta da dalili, ko fata ta yi dabbare-dabbare, kada ka ce gajiyar hanya ce ka shafa man zafi ka kwanta. Kada a yi tausa, kada a yi wanka da ruwan zafi, kada kuma a mayar da kai cikin teku da sunan magani. Ka kwanta a miƙe, a sa maka oksijin zalla, a kira ɗakin matsin iska, wato inda ake jinyar kumfar naitirojin, akwai shi a Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada. Jinyar tana da tsada sosai kuma inshorar ɗalibai ba lalle ta ɗauka ba, saboda haka ka sayi inshorar nutso ta 'yan kwanaki, irin ta DAN, ƙungiyar agajin masu nutso, tun ranar rajista, ka rubuta lambarta da lambar wani ɗan gida da ke ƙasar a takarda ka ba malamin kafin ka shiga ruwa.