Yadda zaka karanta rahoton gwamnati akan shirin tallafi

Jama'a, duk sanda wata hukuma ta fitar da rahoto akan tallafin talakawa, dan Allah kar ka tsaya a shafin farko inda aka jera manyan lambobi. Fara da raba abu uku, kuɗin da aka ware a kasafi, wanda aka saki, da wanda ya shiga hannun mutane. Ba ɗaya bane, kuma giɓin dake tsakaninsu shi zaka fara nema.

Sai ka duba wa aka ƙirga, mutum ɗaiɗai ne ko gida guda, wanda aka yiwa rajista ne ko wanda aka biya da gaske. Kuskure iri biyu ake yi anan, mai hali ya shige ciki, ko a bar mabuƙaci a waje. Na biyun nan yafi damuna wallahi, don shi sunansa baya cikin kowane lis, in ba a bi gida gida an tambaya ba babu mai sanin dashi.

Toh babbar tambayar ita ce me ya canza a rayuwar mutane, kuma da su wa aka gwada? In rahoto yace yara sun ƙaru a makaranta, ai ƙila ko ba tallafin ma zasu ƙaru. Shi yasa ake yawan kawo misalin shirin tallafi na Progresa da ƙasar Meziko ta fara a 1997, inda ake baiwa iyaye mata kuɗi da sharaɗin yara suje makaranta a kuma riƙa kai su asibiti. Ƙauyuka 506 aka ɗauka, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara karɓa 186 suka ɗan jira, sannan IFPRI, wata cibiyar bincike ta duniya akan manufofin abinci, wadda ba ita ke raba kuɗin ba, ta gwada ɓangarorin biyu ta ga shiga makaranta ya ƙaru musamman 'yan mata a sakandare. Irin wannan gwajin zaka nema a ciki.

Ka kuma duba wa ya rubuta. In hukumar dake rabon ce da kanta, nemo rahoton odita janar ka ajiye su gefe da gefe, amma ka sani odita sawun kuɗi ya fi bi. Sannan ka leƙa can ƙarshe inda suke faɗin shekarar da aka tattara bayanan da yankunan da basu samu shiga ba. In ƙasarku nada dokar 'yancin samun bayanai, rubuta musu takarda ka nemi alƙaluman biyan kuɗin yanki yanki.