Darasi na Tara: Tarin Fuka a Jakar Zuciya

Kafin a fara karatu, kowa ya dunƙule hannunsa na dama. Girman zuciyar mutum ke nan, kusan daidai da dunƙulen hannunsa. A buɗe hannun a rufe, a sake buɗewa a rufe. Haka zuciya take yi dare da rana, sau 60 zuwa 100 a minti guda idan babban mutum yana hutawa. Yanzu a ɗora hannun hagu a kan na dama, a damƙe shi tamau, a sake gwada buɗewa. Ya buɗu? Da ƙyar. To, darasinmu na yau duk a kan wannan damƙar yake.

Karatu

Zuciya ba a tsirara take cikin ƙirji ba. Tana cikin wata jaka mai falle biyu, kuma tsakanin fallayen akwai ɗan ruwa, mililita 15 zuwa 50, wato cikin babban cokali ɗaya zuwa uku. Wannan ruwan shi ne man da ke sa zuciya ta yi ta motsi ba tare da gogayya ba.

Sunan tarin fuka, ko tibi kamar yadda ake cewa a asibiti, yana yaudarar mutane. Da an ji "tari" sai hankali ya tafi huhu kawai. Gaskiya ne ta iska ƙwayar cutar take shiga, kuma a huhu ta fi zama. Amma takan yi ƙaura zuwa ƙashin baya, ko ƙoda, ko tantanin ƙwaƙwalwa, ko kaluluwar wuya. Wani likita ɗan Jamus, Robert Koch, shi ya sanar da gano ƙwayar cutar a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da ciwon a wannan rana kowace shekara.

Akwai irin wannan kaluluwa a tsakiyar ƙirji, kusa da bututun iska, maƙwabtan jakar zuciya. Yawanci daga cikinsu ƙwayar take tsallakawa cikin jakar. Wani lokaci kuma jini ne ke kai ta. Kowa na iya kamuwa, sai dai abin ya fi samun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau.

Da ƙwayar ta shiga, jakar takan kumbura ta fara tara ruwa, sau da yawa gauraye da jini. Idan a hankali yake taruwa, jakar na miƙewa har ta ɗauki fiye da lita guda. Idan kuwa ya taru da sauri, ko kofi ɗaya ma ya isa ya matse zuciya ta kasa buɗewa ta cika da jini. Abin da bai shiga ba kuwa, ta yaya za a tura shi jiki? Haɗarin farko ke nan, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i.

Haɗari na biyu ya fi wayo, don yakan zo ne bayan watanni, har shekaru. Ruwan ya janye, amma ya bar tabo. Fallayen nan biyu sun manne, sun yi kauri, wani sa'in har su sandare kamar ɓawon ƙwai. Zuciyar ita kanta lafiyarta lau, ƙarfinta na nan, rigarta ce ta yi mata kaɗan. Sai jini ya riƙa yin cunkoso a baya: jijiyoyin wuya su fito ɓaro-ɓaro, hanta ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su haye. A nan ne ake yawan yin kuskure, a ce ciwon hanta ne ko na ƙoda, a yi ta maganin abin da ba shi ba ne.

Alamomin da za a lura da su

Yawanci abin na farawa da zazzaɓi mai naci na makonni, da gumin dare har zanen gado ya jiƙe, da rama, da rashin son abinci. Tari na iya kasancewa, yana iya rashin kasancewa. Sannan a ga mutum yana haki a kan tafiyar da a da ba ta dame shi ba. Wasu na jin ciwo a tsakiyar ƙirji, wanda ke tsananta idan sun kwanta rigingine ko sun ja dogon numfashi, ya lafa idan sun zauna sun sunkuyo gaba. Duk wanda ya haɗa zazzaɓi da rama da haki da kumburin ƙafa, a roƙi likita ya duba zuciyarsa.

Idan kuwa majinyaci ya fara jiri, hannuwa da ƙafafu suka yi sanyi, bugun jininsa ya yi sauri amma ba ƙarfi, kada a jira gari ya waye.

A asibiti

Hoton ƙirji kan nuna inuwar zuciya ta yi faɗi. Amma gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne hoton zuciya na eko, irin na'urar da ake duba juna biyu da ita. Ba ya zafi, kuma nan take ake ganin ruwan. Idan ya yi yawa, likita na zuƙe shi da allura ta ƙasan ƙashin ƙirji, majinyaci ya sami sauƙin numfashi, ruwan kuma a kai shi gwaji. Za a nemi majinar ƙirji, a kuma yi gwajin ƙanjamau. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai, ana yi wa duk mai tarin fuka, don idan akwai sai a haɗa maganin duka biyun.

Maganin shi ne dai na tarin fukan huhu, wata 6. A wata 2 na farko ana shan magunguna huɗu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, galibi a haɗe cikin ƙwaya ɗaya. A wata 4 na ƙarshe sai biyun farko. Rifampicin na mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan goro, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da za a garzaya a faɗa wa likita shi ne ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sanar, domin rifampicin na rage ƙarfin wannan ƙwaya.

Bayan 'yan makonni zazzaɓi zai sauka, jiki ya dawo, kuma a nan mutane da yawa ke ajiye magani. Ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba a lokacin. Wadda ta tsira tana iya dawowa ta bijire wa magani, tabon jakar kuma ya ci gaba. Idan jakar ta riga ta sandare, magani ba ya sassauta ta, sai tiyata, a ɓare ta daga jikin zuciya. Ko an gama wata 6, wanda ya ga kumburi ko haki sun dawo ya koma a sake duba shi.

Masu jinya sukan tambaya ko za su ɗauka. Ciwon da ke cikin jakar zuciya kaɗai ba ya yaɗuwa, don ba shi da hanyar fita. Amma mutum ɗaya na iya samun na huhu tare da shi, saboda haka a gwada mutanen gida, musamman yara ƙanana.

Aiki

1. A rubuta waɗannan kalmomi sau uku, a kula da ƙugiyar baƙaƙe: ƙirji, ƙwaya, zazzaɓi, haɗari.
2. A cike gurbi: Jakar zuciya tana da falle ____. Ana shan magani wata ____.
3. Wani ya fara shan magani ranar 1 ga Maris. A wane wata zai koma magunguna biyu? A ƙarshen wane wata zai gama?
4. Me ya sa wanda jakar zuciyarsa ta sandare yake kumburin ciki? Kowa ya bayyana da bakinsa, ya nuna da hannuwansa biyu.
5. A zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun ɗan'uwansa, ta ɓangaren babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30. A ninka adadin sau biyu, a rubuta shi a littafi tare da kwanan wata.