Allo biyu da faifan ajiya: kafin ka kai laftop Computer Village

Ƙanena da ke haɗa bidiyon biki a Agege ya kira ni hankali a tashe. Allonsa na biyu ya ƙi kawowa, faifan ajiyarsa kuma sai ƙas-ƙas yake yi, ya bayyana ya ɓace. Har ya shirya tafiya Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wajen masu gyara. Na ce, "Dakata ƙane, zare komai, mu mayar ɗaya bayan ɗaya."

Laifin bai wuce na wuta ba. Ya cusa faifan a wata 'yar mahaɗa mai arha, irin mai raba kafar USB ɗaya zuwa da yawa, tare da linzami da allon rubutu, ga wayarsa tana caji a jiki. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900, duk su za su raba. Faifai mai juyawa yana bukatar ƙarfi lokacin tashi, in bai samu ba sai ya yi ta wannan ƙara. Muka jona shi kai tsaye a jikin laftop, shiru kake ji. In dole sai da mahaɗa, sayi mai cajarta daban.

Sai batun allo. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, sai mai fasahar Thunderbolt ko DisplayPort, masu iya aika hoto zuwa allo. Duba alamar walƙiya ta Thunderbolt a gefenta, ko ka nemi bayanin samfurin. Na'urar raba HDMI kuwa hoto ɗaya take maimaitawa, kada mai shago ya ce maka za ta ba ka allo biyu daban-daban. A Windows danna maɓallin Windows da P, ka zaɓi Extend. MacBook Air M1 na 2020 ƙarin allo ɗaya kacal yake ɗauka, sai an bi ta DisplayLink, wata na'ura mai manhajarta da ke ba da damar ƙara allo.

Wanda ya fi ci min rai shi ne gaggawar yin fomat, wato share faifai a sake tsara shi. Faifai mai tsarin NTFS na Windows yana buɗuwa a Mac amma ba ya karɓar sabon abu, mutum ya zaci ya lalace, ya goge aikin shekara guda. Don Allah kwashe kayanka tukuna, sannan ka mayar da shi tsarin exFAT, wanda Windows da Mac duka ke aiki da shi.

Kuma a Legas, laftop na da batir, mahaɗa mai cajarta daban ba ta da shi. Ana ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta faifan ya yanke ana tsakiyar kwafi. Sa mahaɗar a kan UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne.