Yadda ake kwance parashok da kayan jikin tsohuwar motar gudu kafin a yi mata fenti

Fentin da aka yi ba a kwance kayan jikin mota ba, ido yana gane shi tun daga nesa: zaren tsohon launi a bakin robar gilashi, yayyafin fenti a kan kurom, kuma bayan damina ɗaya ko biyu sai ya fara ɓarewa daga daidai inda aka liƙa sikoci. A kan taksi ana iya haƙuri da haka. A kan Mercedes SL ta jerin R107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, ko Peugeot 504 Coupé, ko Mazda MX-5 ta farko mai fitilun da ke ɗagowa, asara ce babba. Irin waɗannan motoci kuma ba su da yawa a Yamai. In ka karya 'yar maƙalar roba guda, kana iya zagaye kasuwar Katako da masu kayan tsofaffin motoci mako guda ba ka samu irinta ba. Saboda haka a cire duk abin da zai ciru, amma da hannu mai sanyi.

Motar da ta zo daga Turai ta Kwatano ko Lome tana ɗauke da cuta biyu. Gishirin da ake zubawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara ya riga ya ci bulon na ƙasa, rana tamu kuma ta gasa roba da filastik na sama har sun zama kamar busasshen ƙwarya. Don haka aikin yana farawa kwana biyu ko uku kafin a ɗauki kile. A wanke ƙarƙashin mota, a goge zaren kowane bulon da buroshin ƙarfe, a fesa man warware tsatsa safe da yamma. Gazuwal ma yana yi in babu. Man birki kuwa kada ya kusanci jikin motar, ko da wani ya ce yana kwance tsatsa: yana cin fenti, kuma in ya shige cikin haɗin ƙarfe sai ya fito daga baya ya ɓata sabon.

Kafin komi a cire batir (masu fitilun da ke ɗagowa a ɗaga su tukuna), a fara da wayar da ke zuwa jikin mota, mai alamar ragi. In motar tana da jakar iska, kamar yawancin na shekarun 1990, a jira minti goma, kuma kada a taɓa fish, wato mahaɗin wayoyi, masu launin rawaya. A ɗauki hoton kowane wuri da waya kafin a kwance, a samu ledoji ƙanana da alƙalami, kowane rukunin bulon da ledarsa da sunansa. Gwangwanin madara guda da ake zuba komi a ciki shi ne ke sa dogon bis ya shiga ramin gajere ya ɓullo ta cikin sabon fenti.

Girman kile ya danganta da asalin motar. Na Japan suna tafiya da 10, 12, 14 da 17, na Turai da 10, 13, 17 da 19. Kile 13 zai shiga kan bulon 12 kamar ya dace, amma ja ɗaya zai murje kusurwoyinsa. A yi amfani da kile mai rufe kan bulon gaba ɗaya, mai kusurwa shida. A ɗan ƙara ɗaure bulon ɗin tukuna don tsatsar ta fashe, sannan a kwance kwatan zagaye, a mayar, a sake fesa mai, a ci gaba. Bulon da ya fara kuka ko ya yi laushi a hannu yana gab da tsinkewa, a tsaya.

Parashok, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira bamba, iri biyu ne kuma hannunsu ba ɗaya ba.

Na ƙarfe mai kurom yana zaune a kan ƙafafu biyu da aka ɗaure a jikin shasi, sau da yawa da ƙarin bulon a kowane gefe inda ya lanƙwaso. A fara cire fish na sigina da fitilar hazo da fitilar lamba. Sannan na gefe, a bar manyan na tsakiya su zama na ƙarshe, kowane ɓangare a bar bulon ɗaya a sake har sai mutum na biyu ya riƙe. Bulon masu santsin kai da ake gani a fuskar kurom ba a juya su daga waje; wuyansu murabba'i ne, notin baya ake kwancewa. In kan ya fara juyawa tare da notin, ramin ya riga ya cinye, gara a yanke notin daga baya da a kama kurom da filaya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1974 suna da parashok mai nauyi a kan bututu masu shanye karo na gudun kilomita 8 a awa. Waɗannan bututu akwai matsi a cikinsu, ba a huda su, ba a kai musu wuta. A ja parashok ɗin kai tsaye gaba, da tsumma a kan kusurwoyin jikin mota, don bakinsa yana karce ƙarfe.

Na roba, irin na MX-5 da Toyota Celica, ba shi da nauyi amma ɓoyayyun maƙalai gare shi: a sama ƙarƙashin kapo, a cikin mazaunin taya bayan filastik ɗin da ke tare laka, da kuma ƙasa. Akwai kusan kullum noti ko bis a inda ya haɗu da gefen motar, ba a ganinsa sai an juya sitiyari ko an cire taya. In ka ja ya ƙi zuwa, akwai wanda ka manta, kada ka ƙara ƙarfi. Da sanyin safiyar hunturu filastik ya fi saurin karyewa, a jira hantsi. Bayan an cire kuma kada a jingine shi da bango a rana. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, zai lanƙwasa shi ya ƙi komawa mazauninsa. A ɗora shi a inuwa bisa abin da ya tallafe tsakiya da gefe biyu.

In bulon ya tsinke ya bar guntu a waje, mai walda ya liƙa masa noti, zafin kansa yakan sake shi. In ya tsinke a ciki, a buga tsakiya, a huda da ƙaramin bakin huda mai milimita 3, a riƙa ƙarawa, a sake yanka zare. A baya, kusa da tankin isansi da bututunsa, babu wuta ko kaɗan.

Fitilu, ragar gaba, madubin gefe, sandunan goge gilashi da eriya ba su da wuya. Masu fitilun da ke ɗagowa a ɗaga su kafin a cire batir.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tambari da layukan ado. Wasu da gam aka liƙa, wasu suna da ƙafafu da suka shiga rami, wasu ma da noti ta ciki. A leƙa bayan ƙarfen tukuna. Mai gam, a auna tazararsa daga bakin murfi a rubuta, sannan a zura zaren kamun kifi a bayansa a yi ta ja kamar zarto. Turnabis ba ya shiga tsakanin ado da jikin mota, sai cokalin filastik. Layin alminiyom in ya lanƙwashe sau ɗaya ba ya miƙewa daidai har abada.

Hannun ƙofa da makullinta daga ciki ake kwance su. A ɗaga gilashi sama, a cire marfin ciki. Hannun murɗa gilashi yana da 'yar waya mai siffar kofaton doki a bayansa, tsumma ake zurawa a ja ta fito, a kula don tana tsalle. Ledar da ke bayan marfin a ɓare ta a hankali a ajiye, ita ke hana ruwan damina jiƙa kwalin. Sandunan makulli suna da maƙalan filastik da ake juyawa kafin a zare.

Ƙofofi da kapo, ra'ayinmu shi ne a bar ƙofofi a jiki in launin ba zai sauya ba kuma babu tsatsa a ginshiƙi, don daidaita doguwar ƙofar mota mai ƙofa biyu yana cin yini. In dole ne, a zana kewayen hinji da ƙusa, ko a huda rami mai milimita 3 ta cikin hinji da ƙarfen bayansa. Ranar mayarwa a zura bakin huda a ramin, komi ya koma inda yake. A ƙirga siraran ƙarfen da ke ƙarƙashin kowane hinji. Kapo aikin mutum biyu ne, da bargo a gindin gilashin gaba, a tuna da tiyon ruwan wanke gilashi. Na MX-5 alminiyom ne, gwiwar hannu ma tana lotsa shi.

Gilashin da roba ke riƙe da shi, in akwai sabuwar roba a hannu, a yanke tsohuwar a fitar da shi, don a ƙarƙashinta tsatsa ke ɓuya. In babu sabuwa, a cusa igiya mai kauri kamar milimita 4 a ƙarƙashin leɓen robar ta ɗaga shi, fenti ya shiga ciki. Wanda aka liƙa da gam a bar wa mai aikin gilashi.

Kafin a miƙa wa toliye, wato mai gyaran jikin mota, da mai fenti, a wanke duk inda mai ya taɓa da maganin cire maiƙo, in ba haka ba fenti zai yi ƙananan ramuka kamar idon kifi. A murɗa tsofaffin bulon cikin ramuka masu zare don kada fenti ya toshe su, a rufe wuraren da wayar lantarki ke ɗaurewa a jikin mota da sikoci. Parashok na roba yana buƙatar share fage na filastik da sinadarin da ke sa fenti ya lanƙwasu, kuma a fesa shi rana ɗaya da jikin motar daga kwaɓi ɗaya. In launin mai ƙyalli ne, a tsayar da shi yadda yake zama a mota, don kwance da tsaye ba sa ba da launi ɗaya. Mayar da kaya a jira kamar mako guda, a shafa giris a zaren bulon, ƙananan na kile 10 kuma kada a ɗaure su fiye da kimanin Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri.