Kurakuran Turancin da Na Gaji da Gyarawa

Kurakuran masu koyon Turanci ba su da yawa, maimaita su ne ya yi yawa. Akasarinsu kuma tushensu ɗaya: mutum ya gina jimlarsa da Hausa a zuci, sannan ya jera mata kalmomin Turanci.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar tambayar da ke da korewa. A Hausa in aka ce maka "Ba ka biya ba?" sai ka ce "E, ban biya ba," wato kana gaskata mai tambaya. Turanci ba ruwansa da bakin mai tambaya, abin da ya faru yake bi. In an ce "Didn't you pay?" kuma ba ka biya ba, amsarka "No, I didn't." In ka biya, "Yes, I did." Babu wani abu wai shi "Yes, I didn't."

Kada wani ya ce mini wannan ƙaramin abu ne. Wani abokin hulɗa ya taɓa bugo waya ya tambayi yaron da ke taya ni aiki, "Haven't you sent the goods?" Yaron ya ce "Yes," yana nufin e, ba mu aika ba tukuna. Mutumin ya zauna jiran kayan da ba su ma tashi ba. Da gaskiya ta fito sai ya ɗauka yaudararsa muka yi, cinikin ya wargaje, kuma har yau bai sake nemana ba. Tun daga nan na kafa doka ga duk wanda nake koya wa: kada ka bar "yes" ko "no" su tsaya su kaɗai. Ka cika su, ko da za a ce kana jan magana.

Sai "borrow" da "lend". Haba jama'a! Mu muna cewa "ara mini" da "na ari", duk daga tushe ɗaya, shi ya sa ake ta "borrow me your pen". Mai karɓa ne ke "borrow from", mai bayarwa kuma "lend to". Ka rubuta "I borrowed him money" a takardar bashi, ka ga yadda za a rasa wa ke bin wa. Ni kafin in rubuta ɗayansu, sai na tambayi kaina hannun wa kuɗin zai shiga.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. "Musa he went" daga "Musa ya tafi" ta fito, a jefar da "he" ɗin. Mota mace ce a Hausa, amma a Turanci "it" ce. Magani ba a "drink" ɗinsa, "take" ake yi. Wari kuwa "smell" ne, ba "hear" ba. Bayan "did" aikatau kan koma asalinsa, don haka "Did you go?" ake cewa, ba "Did you went?" ba. "Advice", "information", "furniture" da "equipment" ba sa ɗaukar "s". "Discuss" ba ta buƙatar "about".

Ita kuwa "s" ɗin "she goes" da "he works", wadda kowa ya san dokarta amma hannu ke mantawa, maganinta a wurina shi ne karanta abin da na rubuta da ƙarfi, jimla bayan jimla, ina farawa daga ta ƙarshe zuwa ta farko.