Lambun bayan ɗaki a Sakkwato: abin shukawa da abin sa wa ido

Filin da nake kira lambu taku 9 ne a tsaye, 5 a kwance, tsakanin bayan ɗakin girkina da katangar maƙwabta, a nan Mabera. Shekara 8 ke nan ina renonsa. Mata in sun shigo suka ga latas ya yi shar, sai su tambaye ni inda nake sayen iri. Nakan gaya musu, sannan in nuna musu wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare da na rataye a ƙusa bakin ƙofa. Kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta haye katanga, nakan zagaya filin in rubuta layi ɗaya ko biyu: yau ƙasa ta bushe har zurfin yatsa, yau na ga kashin tsutsa a ganyen kabeji, yau kurciya ta fara jan tsinke. Da wannan za ki fara, 'yar'uwa, tun kafin ki sayi ƙwayar iri ɗaya. Lokutan shuka da ke rubuce a bayan takardar iri ba da zafin garin nan aka auna su ba. Littafinki kuwa, in ya kai shekara 2, shi zai riƙa gaya miki abin da ke tafe.

Ki zaɓi wurin da yake samun hantsi amma katanga ko itace ke tare masa ranar la'asar. Ki kewaye shi da darnin kara ko zana, ki ɗaure ƙofar da kyau, don jajayen awakinmu ba sa barin ko tsiro.

Ƙasar gidajenmu yawanci rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Maganinta taki, amma ruɓaɓɓe. Shekarata ta farko na zuba ɗanyen kashin kaji a gindin tumatir, cikin kwana 3 duk suka ƙone, kuma raina ya ɓaci ƙwarai don na sha wahalar renonsu. Yanzu rami nake haƙawa a lungu, in jera kashin awaki da busasshen ganye da ɗan toka, in yayyafa ruwa, in rufe da tsohon buhu. Duk mako 2 in juya. In ya kai wata 2 zai yi baƙi, warin ya tafi, ki sa hannu ki ji ba zafi. Wadda ba ta kiwo tana iya samun kashin dabbobi a kasuwar Kara. Da rani ki yi fangali mai ɗan zurfi yadda masu lambun fadamar Kwalkwalawa suke yi, don ruwa ya tsaya a gindin shuka. Da damina ki tada kunya don ya wuce.

Ni daga bazara nake ƙirga shekarar lambu, don ita ce mai gwada mutum. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, Afrilu ya fi tsanani. Kada ki shuka sabon abu. Aikinki ki tsirar da abin da ke tsaye: zogale, lemun tsami, gwaiba, lalle. Ki nemo ƙaramin tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ki binne shi har wuya kusa da gindin itacen, ki cika shi da ruwa, ki kife masa fasasshen kasko. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwoyi su zo su rungume shi. Tulu ɗaya yakan kai ni kwana 3 ko 4, kuma wadda ke sayen jarka wurin 'yan garuwa ta san darajar wannan. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk lambu nake kai su. Mai omo kam a'a. Ki lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, sai dai ki bar tazarar yatsu 4 tsakaninta da jikin itacen saboda gara.

Sai kuma abin da na fi so a duk aikin nan: kaskon ruwan tsuntsaye. Kasko marar zurfi, a inuwa, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa saboda kyanwa. Ki jefa duwatsu 2 ko 3 a ciki yadda kansu zai fito, don ƙudan zuma su sami wurin sauka, in ba haka ba za ki tarar da su sun nutse. Ki zubar ki sake duk kwana 2 don kada sauro ya yi ƙwai.

Ki samu kujera 'yar tsugunne ki zauna nesa kaɗan da azahar. Kurciya ce take fara zuwa, baki a buɗe, maƙogwaro na kaɗawa saboda zafi. Ita tana tsoma baki ta zuƙa ne ba ɗagawa, saɓanin ƙananan tsuntsaye da sukan ɗiba su ɗaga kai sama. Bayanta hasbiya, mai jan zobe a ido, takan sauko daga kan kwano da nauyinta ta kori kowa. Jan gwada yakan tsaya a kan katanga yana gyaɗa kai, sai wuri ya yi shiru ya gangaro ya lasa. Rina da zanzaro suna nan gefe suna ɗibar nasu. Akwai ranar da na ƙirga halitta iri 9 a kasko ɗaya tsakanin azahar da la'asar, na rubuta su duka. Hadisi ya inganta cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zame masa sadaka. Ina tuna wannan duk sanda na ɗauki buta zan cika kaskon.

Da dare kada ki shiga lambu ba tocila ba takalmi. Kunama tana son sanyin ƙarƙashin tulu da ciyawa. Kada kuma ki tara tarkacen bulo ko itace kusa da wurin wasan yara, saboda maciji.

Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ki fara ɗaga kai sama. Shamuwa za ta iso, baƙa mai farin ciki, ta hau manyan itatuwa tana gyaran sheƙar bara. Daga kudancin Afirka take dawowa, a nan take ƙwai ta yi 'ya'ya, in damina ta ƙare ta koma. Ki rubuta ranar da kika fara ganinta. Iska za ta juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma da ɗan laima, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas da yammaci, ya taso da ƙura ya watse. Shekarar da na ga shamuwa aka kuma yi ruwa ɗaya a Mayu, na ɗauko iri zan fita, sai surukata ta tsayar da ni daga kan tabarmarta:

"Ke ɗiyata, bari gaggawa. Shamuwa albishir taz zo da shi. Sai ƙasa ta sha ta ƙoshi kannan ki shibka."

Na ce, "To, Inna." Kwana 19 aka yi ba ɗigo bayan nan, yana nan a littafina. Ruwan farko a Sakkwato yakan yi haka. Ki jira har ki tona ki ga laima ta kai zurfin tafin hannunki, galibi a cikin Yuni. Ruwanmu na shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, don haka daminar gajera ce, in ta zauna kada ki yi sanya.

Daren da aka yi ruwan kirki za ki san shi ko ba a gaya miki ba. Shinge zai rufe fitila, kwaɗin da suka yi watanni a binne su fito suna kuka, da safe ƙadandoniya na tafiya a gindin katanga. Ki shuka guro da sure, wato abin da mutanen Kano ke ce wa kuɓewa da yakuwa, sai rama da alayyahu. Irin guro ki jiƙa shi ya kwana, ƙwaya 2 a rami, kamu ɗaya tsakani. In ya fara 'ya'ya ki riƙa tsinka duk kwana 2, don in kika bari suka ƙosa uwar takan rage haihuwa. Tafasa da lalo da kansu suke fitowa, ki bar musu gefe ɗaya. Zogale yanzu ne lokacin dasa shi, kuma in ya kai ƙirjinki ki datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannunki. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, saboda haka kafin Agusta, watan da ruwa ya fi yawa, ki buɗe masa hanya.

Damina ce lokacin ƙwari, kuma a nan nake roƙon ki kada ki yi saurin ɗauko maganin feshi. Ki fara sanin wane ne ɓarawo, wane ne mai gadi. In kika ga kiyashi na hawa da sauka a jikin guro, ki juya ganyen, za ki tarar da darɓa ta manne a bayansa, zaƙin da take fitarwa suke bi. Ƙoƙi-ƙoƙi, kwaɗo, kulɓa, hawainiya da bushiya duk ƙwari suke ci. Ki hana yara jifansu. Kulɓar da ake tsoro ba ta da dafi. Zanzaro ma na daina rushe masa ɗaki tun ranar da wani ya faɗo daga jikin taga ya fashe a gabana. Na durƙusa na duba, sai ga tsutsotsi kore guda 7 a cushe a ciki, ba su mutu ba amma ba sa iya motsin kirki. Ya harbe su ne ya ajiye wa ɗansa abinci. Irinsu ne suke huda mini ganye.

In ɓarnar ta yi yawa, dogon yaro na nan. Jemagu sukan sha 'ya'yansa da dare su zubar da ƙwallon a gindin itace, sai ki tsince ki shanya a inuwa. Ki daka kamar rabin kilo, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ki tace da tsumma, ki narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama ganye. Ki yayyafa da yamma liƙis, sama da ƙasan ganye, lokacin ƙudan zuma sun koma, kuma rana ba za ta kashe ƙarfinsa ba. Ba ya kashewa nan take. Ƙwarin sukan daina ci ne, su lalace a hankali, don haka ki maimaita bayan mako ɗaya.

Kaka ba ta da dogon bayani. Fara za ta yi yawa, wata safiya ki lura shamuwa ba ta nan. Ki bar guro mafi kyau ya bushe a jikin uwarsa, ki ɓare, ki gauraya irin da toka a kwalba, ki rubuta shekara a jiki. Oktoba takan dawo da ɗan zafi, kada ya ruɗe ki. A ƙarshenta ki yafa irin tumatir, tattasai, kabeji da albasa a tsohon baho a inuwa.

Hunturu shi ne daminar mai lambu a garin nan. Tumatir yakan zubar da fure in zafi ya yi yawa, shi ya sa ake dasa shi a Nuwamba, yana da mako 4 ko 5, ya yi fure cikin sanyi, a ci a Janairu da Fabrairu. Ki dasa da yamma, ki ba shi ruwa nan take. Latas da karas kai tsaye ake yafa su a fangali, karas ba ya son a taɓa saiwarsa. Ki riƙa duban ganyen tumatir. In kika ga wani farin tabo kamar an kankare cikin ganyen an bar fatarsa, ki ɗaga shi a rana, za ki ga 'yar tsutsa a ciki. Ita ce manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016. A ƙaramin lambu hannu ya isa: ki tsinke ganyen ki ƙone, kada ki jefa shi ramin taki.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ki ƙara zana ta wannan gefen. Ƙura takan toshe ganye, don haka sau ɗaya a mako ki watsa musu ruwa ta sama da hantsi. In hanya ta bi da ke wajen gari, ki dubi gawo: shi da ya tsaya tsirara duk damina, yanzu ya yi kore. A wannan lokacin ne alhudahuda yakan sauko mini. Yana tafiya a fangalin da na shayar yana caka dogon bakinsa cikin laima, in ya ji motsi ya baza tukkunsa, ya sake naɗewa. Belbela ma takan leƙo in maƙwabta sun fito da shanu.

Wajen ƙarshen Fabrairu mangwaron maƙwabtanmu yana cike da ƙudan zuma, latas ya fara miƙa kai yana ɗaci, dare ya daina neman bargo. A littafina shekara 3 a jere tsakanin ranar da latas ya miƙe da ranar da furen tumatir ya fara zuba bai kai mako 3 ba. Da kin ga haka ki tuge latas ɗin, ki bar guda 2 su yi iri, ki tono tulunanki ki wanke su da tsinken kaba don ƙofofin jikinsu su buɗe, ki mayar da su gindin lemo da gwaiba, ki jawo kaskon tsuntsaye zuwa inuwar katangar yamma.