Darasi na bakwai: Lambar da ke jikin fawa bank

Kowa ya fiddo fawa bank ɗinsa ya aje gabansa. Wanda ba shi da shi ya matsa kusa da maƙwabcinsa. Juya shi ta baya. Za ku ga lamba, bayanta da haruffa uku: mAh. Ƙaramar m, babbar A, ƙaramar h. Ku ɗora yatsa a kansu. Wannan shi ne ma'aunin yawan cajin da batirin ciki yake ɗauka.

Yanzu ku ƙirga sifili, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya da sifili huɗu, 10000, dubu goma ke nan. Ba kuɗi ba ne, kada a mayar da shi dala yadda muka saba da sefa. In ba ku gane da farko ba, babu komai, a sake ƙirgawa.

Ga abin da mai shago a babbar kasuwar Maraɗi ba zai tsaya ya bayyana muku ba. Wannan lambar ba duka take shiga waya ba. Batirin ciki yana aiki da ƙarfin 3.7V (V ɗin nan volt ke nan, ma'aunin ƙarfin wuta), shi kuma bakin da ake sa igiyar caji yana fitar da 5V. Wajen ɗaga ƙarfin, lambar tana raguwa, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Ɗumin da kuke ji a tafin hannu in ana caji, wuta ce ke zubewa. Ko kayan na gaskiya ne, haka yake.

Saboda haka ga aikinmu: a raba lambar gida uku, a jefar da kaso ɗaya, a riƙe biyu.

Ku ɗauki tsakuwa uku. Ku ture ɗaya gefe. Biyun da suka rage su ne naku. Dubu goma ta koma wajen 6500. Manyan wayoyin Tecno da Infinix da yawa batirinsu 5000 ne. Ke nan cikawa ɗaya da ɗan ƙari, ba biyu ba.

Mu sake. 20000. Raba uku, jefar da ɗaya, riƙe biyu. Wajen 13000. Wayar 5000 za ta cika sau biyu da rabi. Madalla, Inna, haka ne.

Mu sake. 30000. Wannan mai sauƙi ce: goma, goma, goma. Jefar da goma ɗaya. Saura 20000. Sau huɗu.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Mutum sai ya yi saurin raba babbar lambar da batirin waya, ya manta tsakuwar da za a ture. A fara turewa, sannan a raba da batirin waya. Ture tukuna. Baba, na ga hannunka ya koma kan ukun, ture ɗaya.

Haba jama'a! Tun 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar muka ga yadda aka yi ta ruguguwar sayen wannan abu, kuma har yau wani zai ƙirga jaka goma ya miƙa don ya ga an rubuta 50000 a jikin abin da bai kai wayarsa nauyi ba. Batir yana da nauyi. Na 10000 na gaskiya ya kai giram 200 ko kusa, nauyin babbar waya. Na 20000 ya ninka. Kuɗin gumi ne, ku ɗaga ku ji a hannu kafin ku biya. Nauyin ma ba shaida ba ce cikakkiya, don akwai na jabu da ake cusa wa yashi.

Ku duba kwali kuma. Wasu kamfanoni suna rubuta ƙaramar lamba kusa da 5V. Ita ce ta fi kusa da gaskiya, ba a sake raba ta uku.

Darasi na takwas: Gwaji a gida

Cika fawa bank har fitilunsa duka su kama. Bari waya ta kusa mutuwa, sannan a jona, kada a taɓa ta. A ja layi a takarda duk cikawa ɗaya. A kawo takardar aji.

Darasi na tara: Zafi

Zafi yana kashe batir. Kada a bar shi a rana ko kan kujerar babur, musamman a bazara. In ya kumbura a daina amfani da shi.

Aikin gida: 15000. Raba uku, jefar da ɗaya, riƙe biyu.